Damin da Ɗandije Ya Ƙi Karɓa

Ɗandije mutum ne da bai iya karɓa ba. Bayarwa dai ya iya ta har ta yi masa yawa, amma ka miƙa masa goro sai ya kai hannu baya kamar garwashi ka miƙo masa. Darni ɗaya ya raba gidana da nasa a ƙauyenmu, arewa da Filinge kaɗan, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba. Na san tarinsa na safe, na san ranar da aka ɗora tukunya a gidansa da ranar da ba a ɗora ba.

Ɗan Kurfai ne, wato ƙasar nan tamu, gaba da baya. Uwarsa Dije 'yar bori ce da ake aiko mata har daga Tabla in wasa ya tashi, kuma sunanta ne ya bi shi har ya danne na yanka. Ubansu ya rasu ya bar musu gona biyu, shi da ƙanensa Sahabi, ba a kuwa taɓa raba su ba. Ɗaya tana kwari, ƙasa mai laushi da ko da wasa ka jefa iri sai ya fito. Ɗayar tana tudu, fako ce tsantsa, in an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce ko sallama babu. Sahabi tun yana saurayi ya ga gonar kwari ba za ta riƙe gida biyu ba, ya yi arewa can wajen iyaka ya kafa tunga inda ƙasa take da faɗi, ya tara shanu da awaki. Sai ya zama gandun gida yana hannun Ɗandije.

Kamar kowane saurayin ƙasar nan, da an ɗaure gero Ɗandije yakan tafi cin rani. Ya fara da zuwa ya dawo, daga baya Abijan ta riƙe shi shekaru masu yawa, matarsa Talatu tana nan tana noma da 'yan ƙwadago. Teburin shayi da burodi yake da shi a bakin wata unguwa. Tsohuwar da ta ba shi hayar ɗaki ɗanta take kiransa, yaran unguwa kuwa da burodinsa suka girma. Da ƙasar ta rikice aka shiga tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne ba ɗan ƙasa ba, yaran nan, sun zama samari, su suka zo suka kife masa tebur. Tsohuwar tana kuka ta ce ya tafi, kada a ƙone mata gida saboda shi. Ya dawo mana da jaka ɗaya da butar shayi.

Ba ya son wannan hira. Sau ɗaya ya yi mini ita, muna gyaran darnin da ke tsakaninmu. Ya ce abin da ya fi ci masa rai ba kife teburin ba ne. Duk shekarun nan, ko ina ya juya akwai hannun da ke jiran wani abu daga gare shi don kawai shi baƙo ne: a hanya, a tasha, a bakin unguwa. Ya ce ya yi wa Allah alkawari, in har baƙo ya taɓa zama ƙarƙashinsa, ba zai karɓi ko ƙwayar gero daga hannunsa ba. Na ce masa alkawari mai kyau ne. Ni ma a lokacin haka na gani.

Shekarar da arewacin Mali ya kama da wuta, mutane suka kwararo ta iyaka, aka kafa musu sansani a Abala. Wanda bai ga ƙauyenmu a wannan lokaci ba bai san muna da kirki ba. Mata suna zuba gero a ƙwarya suna haɗawa, liman kullum wa'azinsa baƙonka annabinka. Har Manzo mai awo, wanda ko ƙuda ba ya sauka a tiyarsa kyauta, ya ba da tsohon bargo, kuma bai bar kowa ya manta ya bayar ba. Tausayi na gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma a lokacin rumbunanmu da sauran nauyi, kuma kowa ya ɗauka baƙin nan raɓa ne, rana na ɗagawa za su tafi.

A damina ta gaba Bilal ya iso mana. Buzu ne baƙi daga wajen Manaka ta Mali, dogo, marar yawan magana, makiyayin da dabbobinsa suka ƙare a hanyar gudu. Ya zauna a sansanin 'yan watanni, zaman jiran rabon abinci ya gundure shi, sai ya ɗora kayansa a jaki ya yo kudu neman ƙwadago, da matarsa Maimuna da jaririyarsu Ummi a goye. Yana jin Hausa sarai, sai dai yakan ja ta a hankali kamar mai tsoron ta karye. Ɗandije ya ɗauke shi noma a gonar kwari. Ya ga mutumin ba ya ɗaga kai ya duba ko mai gona na kallo, ya ga in an kawo fura sai ya rage rabi ya kai gida. Kafin kaka ya kai shi gaban Maigari Magagi ya ce ya ara masa gonar tudu, ya kuma nuna masa inda zai kafa bukka a bayan gidansa.

Mutane suka yi ta dariya. Manzo ya ce wannan kyautar ɗan Kurfai ce, a ba ka abin da ko akuya ta raina.

Duk ranin nan Bilal yana tudu yana haƙa tassa, 'yan ramukan nan da ake yi a fako don su tare ruwa, yana bin makiyaya yana tsintar kashin shanu yana ɗaurawa a jaki. Ya san harshen masu dabbobi, ya san yadda ake roƙonsu, har ya samu wasu Fulani suka riƙa kwana da garkensu a gonar in za su wuce. Hannunsa ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Damina ta faɗi, gero ya fito a inda tun zamanin uban Ɗandije ba a ga kore ba. Ba wani mai yawa ba ne, amma gero ne.

To, ga yadda muke yi a ƙasar nan, kuma kowane yaro ya sani. In an ara maka gona, da ka ɗaure amfani sai ka ɗauki dami ɗaya a kanka, da rana tsaka, ka bi ta tsakiyar gari ka kai ƙofar mai ita. Dami ɗaya ba ya cika rumbu. Amfaninsa shi ne idon mutane. Mai gona ya samu shaida cewa ƙasa tasa ce, mai aro kuma ya samu shaida cewa da izini yake zaune, yana da uban gida. Kuma mai aron da aka san daminsa ba a fizge masa gona rana ɗaya. In ya zuba taki, dole a bar shi ya ci takinsa, damina biyu ko uku, sannan a nema masa wani wuri kafin a ce ya tashi.

Bilal ya tambaya, an gaya masa. Ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya ɗaure, ya ɗauko a ka, ya ratso gari yara na binsa. Ina zaune a ƙofar gidana ya sauke a gaban Ɗandije.

Ɗandije ya ce, "Wanga hwa?"

"Damin mai ƙasa na. Haka anka ce min ana yi."

"Maida shi gida. Ɗiyakka na shan nono, uwatta na bukatar hura. Ni ba ni cin guminka."

Bilal ya tsaya yana roƙo, ya ce kunya ce ya koma da shi ta hanyar da ya biyo. Ɗandije ya tashi da kansa ya ɗauki damin ya kai har bakin bukkar Maimuna ya ajiye. Mata suka yi ta sa masa albarka. Ni kaina na ce da kowa irin Ɗandije ne da duniya ta yi daɗi.

Maigari Magagi kaɗai bai yaba ba. Tsoho ne da ya ga rigimar gona iri-iri, ya aika aka kira Ɗandije, ya ce masa, "Amshi damin ga, ko kaji ka ba. Ba hatsi na ba, shaida ta."

Ɗandije ya yi dariya ya ce shaidar me, yana raye, Bilal yana raye, gari duka ya ji ya gani. Ya ce muddin yana numfashi ba mai tayar da Bilal daga gonar nan. Kaka ta biyu Bilal ya sake kawowa, aka sake mayar masa. Ta uku ma haka, har Ɗandije ya nuna ɓacin rai ya ce ko so yake ya zage shi. Daga nan Bilal bai ƙara ba. Wa zai ci gaba da kai abin da ke ɓata wa mai gidansa rai?

Shekarun da suka biyo su ne mafi daɗi, kuma su ne aka fi saurin mantawa. Gonar tudu ta zama abin a tsaya a kalla. Maimuna ta samu awaki tana yin cuku, matan gari suna rububinsa, in haihuwa ta zo da wuya ita ake kira domin hannunta da sauƙi. Bilal ya zama likitan dabbobinmu na kyauta. Ummi ta tashi da Hausar Kurfai a bakinta, har da ashar ɗin da yaranmu suka iya, ta shiga lakwal, makarantar boko, tare da jikokina. Kasuwar Abala ta cika ta batse, shinkafa da man da ake raba wa 'yan sansani suna fitowa da araha, Manzo yana sarowa yana kai wa kasuwar Lahadi ta Filinge. A bakinsa na ji cewa baƙin nan albarka ne Allah ya aiko wa ƙasa. Shi da Ɗandije da Bilal sukan zauna shan shayi a inuwa ɗaya, kuma ba Manzo ke sayen sukari ba.

Abin ya fara juyawa ne a wata shekara da ruwa ya ɗauke gero na bunni, zangarniya ba ta yi ido ba. Muka ɗaure abin da bai kai ya kawo ba. Sai aka fara jin wata magana a bakin rijiya, cewa su baƙi ana kawo musu buhuna a mota, mu masu ƙasa ba mai tambayar mu. Bilal rabonsa da rabon sansani tun ranar da ya bar can, amma wa ya tsaya bincike? Gonarsa kuma, da yake tassa na riƙe ruwa, ta fi ta kowa a shekarar. Ya raba wa maƙwabta, har gidana ya aiko. Aka ci, aka yi hamdala, aka kuma riƙe shi a zuci. Mai jin yunwa ba ya son ya ga rumbun baƙo ya fi nasa tsawo, ko da daga cikinsa aka ba shi. Itace ya yi nisa, aka ce su suka sare. Layin rijiya ya yi tsawo, aka ce su suka cika shi.

Duk wannan da sauƙi. Hassada ce, ruwan sama mai kyau na wanke ta. Abin da bai wanku ba shi ne tsoro.

Mutanen daji masu bindiga a kan moto, wato babur, suka fara shigowa tungayen arewa. Yau a ce sun kore garken wane, gobe a ce sun tare manoma a gona. Aka hana hawa moto, wasu kasuwanni suka mutu, Manzo ya daina zuwa Abala. Kowa ya shiga duban kowa. In aka ga Bilal ya yi arewa neman taki sai a ce me ya kai shi, in wani ɗan'uwansa ya zo daga sansani ya kwana biyu sai a ce wane ne wannan, me ya zo gani. Mutumin nan fa daga hannun irin waɗannan 'yan bindiga ya gudo, su suka raba shi da garinsu. Rawanin da ya zo da shi shi ne a kansa, gaisuwarsa ba ta canza ba. Amma rawanin da a da ake cewa ya yi masa kyau, yanzu shi ake nunawa da baki. Manzo ya ce shi dama tun ranar farko bai yarda da mutumin ba. Na ce masa to shayin fa, da rashin yarda ka sha shi? Bai ƙara gaishe ni ba har aka yi salla.

Sannan Sahabi ya dawo.

Ba zan zagi Sahabi ba, kuma duk wanda zai zage shi to bai gan shi ranar nan ba. Amalanke biyu, mata da yara a kai, ba saniya ko ɗaya. An kore masa garke kaf, babban ɗansa kuwa a gona aka harbe shi yana riƙe da hauya, da hannunsa ya rufe shi ya taho. Ya shiga gidan ubansa da baki goma sha wani abu da za a ciyar. Gonar kwari da ba ta riƙe gida biyu ba a da, ba yanzu za ta riƙe ba. Ya ɗaga kai ya ga tudun ubansa, wanda ya bari fako, ya zama gona mai gero har ya fi mutum tsawo, kuma mai nomanta yana magana da harshen da ya ce ya ji a bakin wasu daga cikin waɗanda suka kashe masa ɗa.

Bilal ya je yi masa gaisuwar mutuwa da ƙwaryar gero. Sahabi ya juya masa baya. Daga ranar Ɗandije ya daina cin abincin kirki. Ya yi wa ƙanensa tayin gonar kwari duka, shi ya zauna haka. Sahabi ya ce ba sadaka ya zo nema ba, kuma ba zai ci gonar wansa ba alhali baƙo na cin ta ubansa. Masu zuga suka samu abin yi. Aka shiga yaɗa cewa wai a meri, ofishin magajin gari, wanda ya noma ƙasa shekara goma ba ya ba da dami, ta zama tasa, kuma wai Bilal ya san haka, shi ya sa ya yi shiru yana ƙirga damina. Ban san wanda ya je meri ya jiyo ba, na dai san ba mai takardar da ya nuna.

Aka taru a ƙofar Maigari Magagi da hantsi, gero na gab da nuna. Tsohon ya tsufa ƙwarai, sai an jingina shi. Ɗandije ya ce ya ara wa Bilal gona a wannan wuri, a gaban wannan maigari, kuma mutumin ya kashe ƙarfinsa a kanta, al'ada ta ce a bar shi ya ci takinsa. Maigari ya ce haka al'ada ta ce. Sai ya tambayi jama'a wa ya taɓa ganin damin gonar tudu ya shiga rumbun Ɗandije. Aka yi tsit. Mutanen da suka ga Bilal ya ratso gari da dami a ka har sau uku suna nan zaune, amma tambayar ba a kan kawowa take ba, a kan shiga rumbu take. Na ce na ga an kawo. Aka ce mini an ji, in zauna.

Ɗandije ya miƙe ya ce, "Ni na ƙiya. Ya kawo, ni na maishe shi. Laihina na, ba nashi ba."

Sahabi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To yaya, in aro na, ina damin? In kuwa kyauta ta, da izinin wa ka ba da ƙasar ubanmu?"

In Ɗandije ya ce kyauta ce, ba shi da ikon kyautar da gandun da ba a raba ba. In ya ce aro ne, ya kashe shaidar aron da hannunsa. Bilal, wanda tun da aka fara yana tsugune a gefe, ya ce rumbunsa na nan, a je a kwashe na duk shekarun da suka wuce, a ƙara da na bana. Maigari ya girgiza kai ya ce damin da ya wuce kakarsa ba dami ba ne, hatsi ne kawai. Na ga hawaye a idon tsohon, domin ya san gaskiya, ya kuma san ba shi da igiyar da zai ɗaure ta. Ya yanke cewa Bilal ya girbe abin da ke tsaye, daga nan gona ta koma hannun 'ya'yan mai ita.

Wannan abu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da Ɗandije ya kasance marowaci irin Manzo, ya riƙa amsar daminsa kowace kaka yana ƙirga zangarniya, da Bilal ya samu damina uku da wani fili a gaba, kuma ba mai cewa uffan. Kakanninmu da suka ƙago damin nan sun san halinmu fiye da mu. Sun san ranar da ake son baƙo ba ta bukatar shaida, sun yi shi ne don ranar da aka daina son sa.

Ba wanda ya ce wa Bilal ya bar gari. Ba a bukatar a faɗa. Ba mai ɗaukarsa ƙwadago, ba mai kiransa in akuya ta kumbura, yara suka daina biyo wa Ummi zuwa lakwal. Ɗandije ya bi gida-gida yana roƙon a ara masa fili ko na shimfiɗa tabarma ne, shi zai tsaya. Kowa ya ce yana da nasa 'yan'uwan da suka taso daga arewa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ya zo mini, ni da gonata ba ta kai ta ciyar da gidana ba, muka zauna muna kallon juna.

Maimuna dama tana fama da ciwon ƙirji tun damina. Da sanyi ya shigo ta kwanta. Talatu ce ke jinyarta, da wasu mata biyu da suka tuna wa ta karɓi haihuwarsu, suna shigowa ta bayan gida. Ba ta kai ƙarshen sanyin ba.

Mu kuwa gawa ba mu wasa da ita. Gari duka ya fito. Mutanen da suka yi tsit a ƙofar maigari su suka karɓi diga suna haƙa, suka yi mata kabari mai kyau, mai zurfi, a tsakiyar namu. Sahabi ma ya zo, ya tsaya a sahu, ya zuba ƙasa da hannunsa. Manzo ya kawo likkafani, wannan karon bai gaya wa kowa ba, a bakin Talatu na ji. Aka yi addu'a aka watse, kowa ya koma gidansa da abin da ke ransa yadda ya fito da shi.

Bayan sadakar bakwai Bilal ya sayar da awaki ya ɗaure kaya. Ya ce zai koma Abala ya ga ko za a karɓe shi, in ba haka ba ya yi gaba inda Allah ya nufa. Da safe suka fita, Ummi na jan jaki, ta zama budurwa, tana kuka tana waigen gidan Talatu. Ɗandije ya yi musu rakiya, na bi bayansa. Mu biyu ne kawai. Hanyar arewa ta gefen maƙabarta take bi. Da muka kai nan Bilal ya tsaya, ya daɗe yana duban tudun ƙasar da bai gama bushewa ba. Ya roƙi Ɗandije ya riƙa sa mata ƙaya kada dabbobi su tattake. Ɗandije ya ce zai yi. Sai Bilal ya sake tambaya, a hankali, ba da gatse ba, tambayar mutumin da yake so ya tabbata kafin ya tafi:

"Wagga ƙasa da kunka ba Maimuna, ita dai ba aro ta ba, ko?"

Ɗandije ya durƙusa a bakin hanya, dattijo mai furfura, ya rufe fuska da hannun riga. Ni na amsa, na ce tata ce har tashin kiyama. Bilal ya ce to alhamdu lillahi, ya ɗaga Ɗandije ya kakkaɓe masa gwiwa, ya roƙe shi ya yafe masa duk abin da ya gani daga gare shi, suka kama hanya. Tun daga ranar ba mu sake jin labarinsu ba. Wani ya ce ya gan su a Abala, wani ya ce a Yamai.

Damina ta faɗi, Sahabi ya shuka gonar tudu. Ramukan na nan, takin na nan, gero ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, yaransa suka ƙoshi, kuma ban ce bai kamata su ƙoshi ba. Gonar kwari kuwa tsutsa ta cinye ta a shekarar. Sahabi ɗan halak ne, bai bar wansa da yunwa ba, ya cika masa rumbu da geron tudu.

Ɗandije yana nan da rai, ya rame, idonsa ya fara hazo. Ba ya bin hanyar tudu, ko jana'iza ce sai ya zagaya. Talatu ta gaya mini duk ranar da ta ajiye masa tuwo sai ya tambaye ta geron ina ne. Takan ce na kwari ne, ragowar bara. Ya san babu ragowar bara. Yakan yi bisimilla ya ci loma biyu, don babu wani, sannan ya ture kwanon ya ce a ba yara.